Ilmin Kashe Gobara da Ceton Rai Wajibi Ne a Kan Al'umma

 

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa tana busar da ciyawa da zana da katakon rumfuna, har mutane suka shiga kwana da kaskon garwashi a ɗaka saboda tsananin ɗari, sai labarin gobara ya yawaita a bakin jama'a, ya kuma ci gaba har ƙarshen rani, ta yadda da wuya mako ya fita ba a ji an ce kasuwa kaza ta ƙone, ko gida kaza ya kama da mutanensa a ciki ba. Kanawa ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Sakkwatawa na tuna ta babbar kasuwarsu a Janairun 2021, Katsinawa na tuna tasu a watan Maris na 2021, mutanen Maiduguri kuwa sun wayi gari a Fabrairun 2023 babbar kasuwarsu ta Monday Market tana ci. Abin da aka saba, bayan wuta ta mutu, shi ne a yi jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin sayo sababbin motocin kwana-kwana, kuma duk wannan yana da kyau a muhallinsa. Amma akwai wata mas'ala wadda ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, alhali kuwa ita ce ginshiƙin al'amarin duka, watau mutumin da za a damƙa wa motar nan: wa ya koyar da shi, me aka koya masa, kuma yaushe rabon da a jarraba shi a ga ko abin da ya koya yana nan a hannunsa?

Malamanmu na fiƙihu sun kasa wajibi kashi biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi mai hankali shi da kansa, kamar salla da azumi. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya mata har aka wadatu nauyi ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi watsi da ita laifi ya hau kan al'umma baki ɗaya. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilmin likitanci da na lissafi a cikin wannan kashi na biyu, saboda zaman mutane ba ya daidaita sai da su. Malaman usulu kuma, irin su Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ga shi kuwa gobara guda ɗaya takan taɓa biyu daga cikinsu a cikin sa'a guda. To, tun da ƙa'ida ta tabbata a wurinsu cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi, lalle babu makawa mu yarda cewa ilmin kashe gobara da ceton rai yana cikin abubuwan da za a tambayi shugabanni da talakawa a kansu, domin ceton wanda wuta ta rutsa da shi ba ya yiwuwa da kyakkyawar niyya kaɗai.

Mutane da yawa suna zaton aikin ɗan kwana-kwana bai wuce ya riƙe mesa ya fesa ruwa ba, saboda haka suna ganin duk mai ƙarfi da ƙarfin hali zai iya. Haƙiƙanin lamarin kuwa fanni ne mai faɗi, wanda darasinsa na farko shi ne sanin ɗabi'ar wuta ita kanta. Wuta ba ta rayuwa sai abubuwa uku sun haɗu: abin da za ta ci, da zafin da zai tayar da ita, da iskar da za ta shaƙa, duk wanda ya raba ta da ɗaya daga cikin ukun nan ya kashe ta. Daga nan ne ake koya wa ɗalibi cewa gobara iri-iri ce, kuma kowace da maganinta. Ta katako da yadi da takarda ruwa ke kashe ta, domin yana sanyaya abin da ke ci. Ta fetur da kananzir kuwa, idan aka kwarara mata ruwa, sai man ya taso bisa ruwan ya bi shi duk inda ya gangara yana ci, don haka kumfa ake shimfiɗa mata, ta lulluɓe man ta hana shi iska. Ta lantarki ba a kusantarta da ruwa sai an yanke wutar, in ba haka ba mai fesawa shi ne farkon wanda zai faɗi. Ta man girki a cikin tukunya ko kasko murfi take so, saboda lita ɗaya ta ruwa, idan ta zama tururi, takan kumbura ta ninka kanta kamar sau 1,700, kuma wannan kumburin shi ke watsa tafasasshen mai a fuskar uwargidan da ta ɗebo ruwa da nufin taimako. Ta tukunyar gas kuma da nata hukuncin dabam, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya taru yana jiran ƙyastu ɗaya.

Darasi na biyu shi ne hayaƙi, wanda masana suka tabbatar ya fi harshen wuta kisa a gobarar cikin gida. A cikinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, har mutum ya ji kasala da jiri ya kwanta, daga nan ba ya ƙara tashi. Kuma katifun soso da robobi da suka cika ɗakunanmu a yau suna ƙara wa hayaƙin nan wasu gubobin idan suka kama. Shi ya sa ake koya wa ɗan kwana-kwana ya shiga da rarrafe, domin zafi da hayaƙi sama suke taruwa, kuma ya goya tukunyar iska a baya da takunkumi a fuska, ya san kuma cewa iskar da ke cikinta ba ta kai shi fiye da kamar rabin sa'a idan yana aiki mai nauyi, don haka dole ya riƙa duba ma'auninta, ya juyo tun da sauran abin da zai fitar da shi.

Ku ɗauki misalin shagon yadi a tsakiyar kasuwa, an rufe shi da ƙofar ƙarfe tun magariba, wuta ta kama a ciki ta ci har ta ƙarar da iskar ɗakin, ta lafa tana jira. Mai shago yana tsaye yana salati, jama'a sun taru suna ta kururuwa, “Ku fasa! Ku fasa mana, me kuke jira?” Wanda bai yi karatun abin ba zai ɗauki guduma nan take, don ya nuna shi ba rago ba ne. Wanda ya yi karatu kuwa sai ya tsaya, ya kara bayan hannunsa kusa da ƙarfen ya ji zafinsa, ya dubi hayaƙin da ke fitowa ta ƙasan ƙofa, ya ga yana fita yana komawa kamar numfashi, launinsa ya yi duhu-duhu rawaya-rawaya; nan zai gane cewa da zarar an buɗe ƙofar iska ta faɗa, ɗakin zai yi bindiga ya turo wuta waje a kan duk wanda ke tsaye a gabansa. Sai ya kori mutane gefe, ya sa a shirya mesa da ruwa a cikinta, a nemi hanyar da zafin zai fita ta sama, sa'an nan a buɗe kaɗan-kaɗan daga gefe. Jinkirin nan na 'yan mintoci, wanda masu kallo za su kira tsoro ko lalaci, shi ne ya tsare rayukansu, kuma ba a samunsa sai a wurin wanda malami ya zaunar, ya nuna masa, ya kuma maimaita masa har ya zauna.

Sai dai sanin abu a takarda dabam yake da iya shi a lokacin da ido ba ya gani saboda hayaƙi, kunne ya cika da ihu, zuciya tana bugawa. Saboda haka ne makarantun wannan fanni a ƙasashen da suka ɗauke shi da muhimmanci suke gina ɗakuna musamman waɗanda ake cinna wa wuta da gangan, a shigar da ɗalibai tare da malaminsu su ga yadda wuta ke girma, yadda zafi ke taruwa a rufi har ya kai wajen digiri 600, komai na ɗakin ya kama a lokaci ɗaya. Ana sa su hawan tsani da kaya masu nauyin fiye da kilo 20 a jiki, da shimfiɗa mesa da naɗe ta, da ɗaure igiya, da neman mutum a cikin duhu da laluben hannu, yau da gobe da jibi, har hannu ya riƙa yi ba tare da ya jira shawarar kai ba. Ana koya musu cewa ba a shiga gini mutum ɗaya, kuma wanda ya shiga da abokinsa da shi zai fito. Cewa murya ɗaya ce ke ba da umarni a wurin gobara. Cewa direban mota shi ma malami ne a fanninsa, domin shi ke lura da ƙarfin famfo da yawan ruwan da ya rage. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai taɓa jin zafin wuta a filin horo ba, ranar da ya fara jinsa a kasuwa ba za a zarge shi ba idan ya ruɗe.

A nan ya kamata a yi wa jama'a bayanin wani abu da ke yawan jawo husuma. Sau da yawa akan ji mutane suna cewa 'yan kwana-kwana sun zo babu ruwa, har a wasu wurare a kai ga zagi da jifa da fasa gilashin mota. Gaskiyar magana ita ce, motar kashe gobara lita 'yan dubbai take ɗauka, mesa kuwa tana fitar da ɗaruruwan lita a kowane minti, saboda haka cikin mintoci kaɗan tanki ya ƙare, idan babu famfon gobara ko rijiyar burtsatse ko tafki a kusa, tilas a koma a ɗebo. Ƙwararren jami'i yakan san unguwarsa tun kafin ranar masifa, ya san inda ruwa yake, ya san lungun da mota ba ta shiga, ya san inda ake ajiye fetur da gas da taki, ya tsara yadda motoci za su riƙa karɓa-karɓa. Wannan ma darasi ne da ake koyarwa. Mu kuma namu darasin shi ne mu kira da wuri, mu faɗi unguwa da kwatance sosai, mu ba da hanya idan muka ji jiniya, mu kuma tuna cewa wanda muke jifa ya baro iyalinsa ne domin ya shiga inda mu muke gudu.

Aikin mutanen nan bai tsaya ga wuta ba. A garuruwanmu su ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi, ko gini ya rufta, ko mota ta murƙushe da mutane a ciki, ko ambaliya ta ci gari kamar yadda ta ci Maiduguri a Satumban 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle. Mas'alar rijiya kaɗai ta isa abin lura. Sau nawa muka ji an ce mutum ya shiga yashe rijiya ko gyaran masai ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi shi ma ya yi shiru, na uku ya bi, a ƙarshe a fito da gawa uku maimakon ɗaya? Wasu sukan danganta abin ga iskokai, alhali kuwa gurɓatacciyar iska ce da ke taruwa a ƙasan rami, ta kore iskar numfashi, ta sumar da mutum kafin ya iya kiran taimako. Wanda aka horar ba ya sauka sai ya auna iskar ramin, ya ɗaura igiya a jikinsa, ya goya tukunyar iska, ya bar mutane a sama suna riƙe da shi. Idan kuma an fito da wanda ya suma, akwai sauran aiki, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu numfashi, kuma danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti yana iya riƙe rai kafin a isa asibiti. Haka nan wanda ya yi haɗarin mota, ba a fizgo shi a naɗe a bayan wata motar, don kada ƙashin wuyan da ya tsage ya yanke laka ya bar shi a kwance har abada. Wanda ya ƙone kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara masa na kamar minti 20, a bar ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki da muka saba shafawa, waɗanda ba sa ƙara wa ciwon komai sai dauɗa.

Babu inda rashin wannan ilmi ya fi ci mana rai kamar wurin faɗuwar tankar mai. A watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, fiye da mutum 50 sun rasu. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da 150. A mararrabar Dikko ta Jihar Neja, a Janairun 2025, fiye da 80. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: tanka ta kife, mai ya malala, mutanen da talauci ya matsa suka taho da jarkoki da bokitai, tururin fetur wanda ido ba ya gani ya bi ƙasa ya bazu, ƙyastu ɗaya ya tashi. A irin wannan wuri aikin ceto mafi girma ana yinsa ne tun wuta ba ta kama ba, watau a kange wurin daga nesa, a tsayar da motoci da babura, a hana kunna inji ko taba, a shimfiɗa kumfa a kan man. Waɗanda kuma ke fara isa wurin galibi ɗan sanda ne, ko jami'in kiyaye haɗurra, ko mai unguwa da 'yan sintirinsa, tun motar kwana-kwana tana can nesa a birni. In da a ce an zaunar da waɗannan an koya musu abin da za su yi a mintocin farko, har maganarsu ta zama mai ƙarfi a kan taro saboda sun san abin da suke faɗa, da an rage makoki a gidaje da yawa.

Ba za a ce ba mu da harsashin da za a ɗora gini a kansa ba. Aikin kashe gobara a Nijeriya ya faro ne a Ikko, a ƙarƙashin 'yan sanda, tun farkon ƙarni na 20. Dokar 1963 ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi kuma kowace da tata, akwai kuma makarantar horas da jami'ai ta ƙasa a Sheda, kusa da Abuja. An kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa a 1999, ga kuma lambar kiran gaggawa ta 112. A Jamhuriyar Nijar kuwa 'yan kwana-kwana sojoji ne, bisa tsarin da aka gada daga Faransa, inda Napoleon ya mai da masu kashe gobarar birnin Faris rundunar soja tun 1811, kuma lambar kiransu 18 ce. Abin da ya rage shi ne a cika wannan tsari da rai. Ya kamata kowace jiha ta mallaki filin horo nata, da ɗakin hayaƙi da hasumiyar tsani da ramin gwaji, domin makaranta ɗaya ba za ta wadatar da ƙasa mai faɗin tamu ba. Ya kamata a ɗauki ma'aikata bisa cancanta da lafiyar jiki, a bar alfarma, domin wuta ba ta san ɗan wane ba. Ya kamata horo ya zama abin sabuntawa shekara-shekara, kuma duk lokacin da aka sayo mota ko na'ura a ware kuɗin koyar da masu aiki da ita da masu gyaranta a cikin kuɗin sayenta. Ya kamata 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da jami'an agaji su riƙa atisaye tare, don kada ranar masifa ta zama ranar da za su fara sanin juna. Bayan kowace babbar gobara kuma a zauna a rubuta abin da ya faru, da abin da aka yi daidai da wanda aka yi kuskure, a mai da shi darasi ga na baya, a kuma kula da albashi da magani da iyalan waɗanda suka jikkata ko suka rasu a bakin aiki, domin ba a neman mutum ya sadaukar da ransa alhali yana tunanin abin da 'ya'yansa za su ci.

Sa'an nan kuma dole ilmin ya sauko daga bariki ya shiga unguwa, da harshen da mutane ke ji. A Maraɗi, a Nuwamban 2021, yara fiye da 20 sun rasu a azuzuwan zana. A Ƙauran Namoda, a Fabrairun 2025, almajirai 17 sun rasu a makarantarsu cikin dare. Duk malamin da aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane, na allo ne ko na boko, wajibi ne ya san ta inda yaransa za su fita idan wuta ta tashi, kada ya kulle su daga waje, kuma ya gwada fitar da su ko da sau ɗaya a zango. Muna da dubban 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, masu ɗa'a da son aikin lada, waɗanda ke tsare masallatai da filayen idi da sansanin alhazai. Muna da masu gadin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi da 'yan ƙungiyar Red Cross. Kwas na 'yan kwanaki a hannun ƙwararru zai mai da su mataimaka na haƙiƙa. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su sa hakimai da dagatai da masu unguwanni su karɓi wannan aiki, shugabannin kasuwa su buɗe hanyoyin da rumfuna suka toshe su tanadi ruwa da tukwanen kashe wuta su kuma koyi amfani da su, malamanmu kuma su sanya shi cikin huɗuba da wa'azi, su tuna wa jama'a cewa sunna ta yi umarni da kashe wuta kafin barci, kuma tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta zama uzuri ga wanda aka ba shi ikon ya koya ko ya koyar ya ƙi.

Saboda haka, jama'a masu sauraro, idan aka zo karanta kasafin kuɗin jiharku, ku tambayi wakilanku nawa aka ware wa horas da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agaji. Idan ƙungiyarku ta kasuwa ko ta unguwa ta zauna taro, ku kawo shawarar a gayyato jami'an kashe gobara su koyar da ku tun kafin hunturu ya shigo. Wanda kuma Allah ya ba ɗa mai lafiya da ƙarfin zuciya, kada ya ga ƙasƙanci a wannan sana'a, domin tana cikin mafi ɗaukakar ayyukan da ɗan Adam ke neman lada da su. Allah ya tsare mu daga gobara da ambaliya da haɗarin hanya, ya ƙara wa masu aikin ceto ilmi da basira da kariya, ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu.